Abin da Na Ɓoye wa Habu a Alkahira

Sunana Isyaku, mutumin Mai'adua. Malamin dabbobi ne ni kafin in yi ritaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya jera magana daga farko zuwa ƙarshe, kuma haka zan jera wannan, zango bayan zango, yadda muka taka shi ni da ƙanena Habu, Allah ya ji ƙansa. Wanda yake da majinyaci a gida ya karanta a tsanake.

Zango na ɗaya: hawa na huɗu

Mun sauka Alkahira da hantsi. Ina tura Habu a keken marasa lafiya, shi kuwa yana yi wa mai duba fasfo ba'a da Hausa, mutumin yana ta gyaɗa kai bai san me ake cewa ba. Habu dillalin shanu ne a kara, bakinsa ne jarinsa. Yana iya sa makiyayi da mahauci su yi musafaha a kan saniyar da dukansu suka rantse ba za su daidaita ba. Amma a lokacin maganarsa ta soma nauyi, kamar ta wanda ya cika baki da tuwo.

Ciwon a hannun dama ya fara. Igiya ta riƙa zame masa. Sai naman dantsensa ya riƙa rawa shi kaɗai, ba zafi, ba zazzaɓi. Daga nan ƙafa ta soma ja. Wasu suka ce sammu 'yan kara suka yi masa, wasu suka ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je Katsina, an je Kano. Likitan Kano ya ce a fita waje a sake gwaji. Dangi suka ce ni zan raka shi, don ni ne babba, kuma ni ne ba na rikicewa.

Wanda ya tarbe mu wani Bahaushe ne da ya daɗe a can yana yi wa majinyata tafinta, ana ce masa Alhaji Sabo. Ya karɓi fasfunanmu, wai zai gyara mana takardar zama. Sannan ya kai mu ɗakin da ya kama mana, hawa na huɗu, a gidan da liftarsa ta mutu. Na ce masa, "Alhaji, mutumin da ba ya ɗaga ƙafa ka kawo nan?"

Ya ce, "Malam, nan ba Daura ba ce. Ka gode wa Allah da aka samu."

Maigadin gidan, wani dattijo mai suna Abdussalam, yana zaune a benci yana kallonmu. Ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya goya Habu. Suna hawa Habu yana bayansa yana cewa, "Yaya, duba mini haƙoransa, in bai tsufa ba mu saye shi mu tafi da shi gida."

Dole in tsaya a nan in faɗi wani abu, don shi ne kan labarin. Habu yana da babban ɗa, Lawal. Shekara uku kafin ciwon, Lawal ya sayar da bijimin uban ba da saninsa ba, ya sayi babur. Habu ya fusata, a ƙofar gida, a gaban mutane, ya ce masa, "Je ka, ba ni ba kai, kuma ba za ka ga daidai ba." Lawal ya haye Nijar yana kabu-kabu. Tun daga nan ya faɗi da babur sau biyu, auren da ya nema ya watse. Kowa a gidanmu ya san bakin uba ne yake binsa, kuma kowa ya san babu mai janye shi sai bakin da ya furta shi. Na sha yi wa Habu magana. Amsarsa ɗaya ce: "Bari in warke, Yaya. Ba zan kira shi ina kwance ba, ya ce tsoron mutuwa ne ya sa."

Zango na biyu: likita mai furfura

A kwana na biyar aka yi gwajin. An sossoka masa siraran allurai a dantse da cinya da ƙarƙashin haɓa, na'ura tana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Da aka gama, likitar, wata dattijuwa mai furfura, ta sa aka fitar da Habu baranda, ta kuma ce wa Alhaji Sabo ya jira a waje. Ta tambaye ni ko ina jin Turanci. Na ce ina ji idan an bi a hankali. Ta bi a hankali.

Ta ce jijiyoyin da suke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa naman jiki ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Likitoci suna kiran ciwon da haruffa uku, MND. Ta ce hannu zai tafi, ƙafa za ta tafi, harshe zai tafi, haɗiya za ta gagara, daga ƙarshe numfashi. Ji da gani suna nan, kuma yawanci hankali yana nan garau. Babu maganin da yake warkar da shi, sai wata ƙwaya da take ɗan rage masa gudu. Ta ce nasa ya riga ya kama harshe, kuma yana sauri.

Ta ce, "Ka mai da shi gida yanzu, tun yana iya magana, tun yana iya hawa jirgi. Ka shigo da shi in gaya masa da kaina."

Na ce, "A'a. A wurinmu ba a yin haka."

Kuma gaskiya na faɗa. A garinmu ba a gaya wa mara lafiya cewa ba zai tashi ba. Ana ganin ka shiga abin da Allah kaɗai ya sani, ana kuma cewa fargaba za ta kashe shi kafin ciwon. In an tambaye ka mai jiki, da sauƙi za ka ce, ko da ka ga alamar ba zai kwana ba. Haka aka yi wa mahaifinmu, haka na yi wa mutane da yawa, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta rubuta ƙwayar ta miƙo mini.

A baranda Habu ya ce, "Yaya, me tsohuwar ta ce?"

Na ce, "Ta ce jijiya ce ta sanƙare. Za a yi gashi, a sha magani."

Ya ce, "To ai da ka bar ni a Mai'adua, wanzaminmu ya fi ta iya wannan."

Na yi dariya.

Zango na uku: gidan allurar ɓargo

Da na yi wannan ƙarya, sai na ga na rufe wa kaina hanyar gida. In na ce mu koma, Habu zai ce ina gashin? Ana cikin haka Alhaji Sabo ya zo ya ce likitocin manyan asibitoci ba su da tawakkali, shi ya san wani wuri da ake yin allurar ɓargo, ya ga wanda aka kawo a kwance ya koma yana tuƙa mota.

Na shekara talatin ina korar masu sayar da jabun maganin shanu daga kara. Na san irinsu tun daga yadda suke buɗe jaka. Da muka shiga wurin nan, wani gida ne a bayan kanti, na gane shi nan take. Amma na zauna. Ina so ya zama gaskiya, kuma ina tsoron komawa ɗaki in fuskanci Habu ba tare da wani abin da zan ce ana yi ba.

Bayan kowane kwana uku Abdussalam yakan goya shi ya sauko, mu je a yi masa allura a baya, a ɗaura masa ƙarin ruwa mai ruwan ɗorawa, mu dawo a sake goya shi. Sauran kwanakin muna ɗaki. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon wani gida. Wake da gurasa safe da yamma. Habu yakan ce da za a ba shi ludayi ɗaya na furar Inna, mahaifiyarmu, da ya tashi ya yi tsere.

Ni kuwa ina lura da abin da yake tafiya, bi da bi, yadda likitar ta jera. Da farko ya daina iya faɗin sunana, sai Yaya kawai. Sai dogayen kalmomi suka riƙa karyewa a tsaka. Sai ya daina ba'a, don kafin ya kai ƙarshen magana daɗinta ya wuce. Sai shayi ya soma ƙware shi. Matar Abdussalam ce ta fara gane wannan. Ta ga yadda yake tari in ya sha ruwa, ta koma ta damo masa wani kunu mai kauri, ta nuna mini da hannu cewa mai kauri ya fi wucewa. Ba ma jin yaren juna, amma kullum da la'asar kwanon yana bakin ƙofa.

Duk Juma'a ina kiran gida. Inna takan ce, "Isyaku, ya mai jiki?"

In ce, "Da sauƙi, Inna."

A Juma'a ta huɗu ta ce, "Ba ni shi in ji muryarsa." Na kara masa wayar a kunne. Ya yi magana, ya yi iya ƙoƙarinsa. Da na karɓa ta ce, "Ban ji komai ba, layin ne ba kyau?"

Na ce, "Layin ne, Inna."

Sai ta ce, "Af, na manta. Lawal ya zo. Ya ji an fita da ubansa waje, ya kwana biyu a zaure yana tambaya ko ya jira. Na ce masa baffanka ya ce da sauƙi. Sai ya ce to alhamdulillahi, ya bi wasu manyan motoci Agadas, wai ya samu aikin lodi."

Na ajiye wayar na shiga banɗaki na daɗe a tsaye. Ban gaya wa Habu ba. Wannan ma na ɓoye.

Zango na huɗu: ranar da ya ƙware

Bayan azahar ne. Na ba shi ƙwayarsa da ruwa kamar kullum, sai ruwan ya bi ta inda bai kamata ba. Tarin ma ba shi da ƙarfin yinsa. Fuskarsa ta yi duhu, idanunsa suka fito, yana kallona. Na kifa shi a cinyata ina bubbuga bayansa ina salati, ina ƙwala wa Abdussalam kira ta taga. Abin da yake raina a lokacin shi ne zan binne shi a nan, a cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba, kuma maganar da ya yi wa Lawal za ta tsaya yadda take har abada. Allah ya sa ruwan ya fito.

Da ya huta, ya yi mini alama in matso. Magana ɗaya ɗaya yake fitarwa, yana tsayawa yana haɗiye yawu.

"Yaya. Ni dillali ne. Na san fuskar mai sayar da saniya mara lafiya. Tun baranda kake da ita. Gaya mini."

Na gaya masa. Na jera masa yadda likitar ta jera mini, ban rage ba: hannu, ƙafa, harshe, haɗiya, numfashi. Na gaya masa zuwan Lawal da tafiyarsa Agadas. Ina jira in ga fargabar da ake cewa tana kashe mutum. Ban gan ta ba. Bangon nan kawai yake kallo ta taga.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Yau kwana talatin da ɗaya."

Ya ce, "Ka cinye mini kwana talatin da ɗaya na magana."

Can sai ya ce, "Gida. Lawal."

Na nemi lambar Lawal ta hannun mutum uku, ba ta shiga. Sai na ce wa Habu mu ɗauki maganar yafe wa Lawal a waya, in ya so ko me ya faru tana nan. Ya yarda. Ya faɗa sau biyu, na ɗauka, na kunna masa. Da ya ji muryarsa sai ya kau da kai. Ya ce wannan ba muryarsa ba ce, in goge, a kan Lawal zai ɗora hannu ya faɗa. Na goge. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma na yi shi ne don ina jin kunyar na farko.

Da Alhaji Sabo ya ji za mu daina zuwa gidan allura, sai ya daina ɗaukar waya, ga fasfunanmu a hannunsa. Kwana huɗu ina nemansa. Abdussalam ne ya kama hannuna ya kai ni wani wurin shan shayi a wata unguwa, ya nuna mini shi. Na jawo kujera na zauna a gabansa.

Ya ce, "Malam Isyaku, saura allura shida fa. Za ka kashe ɗan'uwanka da gaggawa."

Na ce, "Ban zo musu ba. Fasfo biyu. Ba zan tashi ba sai da su, kuma duk Bahaushen da ya shigo nan zan gaya masa abin da na zauna jira."

Na zauna tun azahar har aka kira magariba. Ya aika aka kawo su.

Zango na biyar: jirgi

Kamfanin jirgi ya ce ba zai ɗauke shi ba sai da takardar likita. Muka koma wurin mai furfura. Ta ga bayansa da tabon allurai, ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa ya hura wani bututu. Ta ce numfashinsa yana bakin iyaka, a sama iska ba ta kai ta ƙasa ba, sai an tanadar masa tukunyar iska a cikin jirgin. Shirya wannan ya ci kwana takwas. Kowace safiya nakan ce masa ya faɗi sunan Lawal, in ji abin da ya rage.

Ranar tafiya Abdussalam ya goya shi ya sauko na ƙarshe. A bakin mota ya sumbaci goshinsa, ya yi masa wata doguwar addu'a da Larabci. Habu ya so ya ce wani abu, bai fito ba.

A ƙofar jirgi wani jami'i ya tsayar da mu. Ya ga yawu yana zuba a rigar Habu, ya karanta takardar sau biyu, ya ce a tambaye shi sunansa. Na durƙusa na ce, "Habu, faɗi sunanka, ko mu kwana a nan." Ya tattara duk ƙarfinsa ya ce, "Ha-bu." Mutumin ya kalli na kusa da shi, ya daɗe, sannan ya matsa gefe.

Daga Alkahira har Kano ban kalli taga ba, ban ci ba, ban sha ba. Ƙirjinsa nake kallo, yana hawa yana sauka.

Zango na shida: gida

Da Inna ta gan shi ana shigo da shi a tabarma, ta kalle ni kallo ɗaya. Muka ba direbobin da suke hawa arewa saƙo, duk wanda ya ga Lawal ya ce masa ya bar abin da yake yi ya taho. Saƙon ya daɗe kafin ya same shi. Ya iso bayan kwana goma sha tara.

A lokacin maganar Habu ta koma gurnani. Ni kaɗai nake tsintar wani abu a ciki, shi ma ba kullum ba. Lawal ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Baba, ga ni." Hannun Habu ba ya ɗagawa, ni na ɗauke shi na ɗora a kan Lawal. Habu ya buɗe baki. Sauti ya fito, dogo, ya tsaya, ya sake, har sau uku. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Lawal ya juyo ya ce, "Baffa, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ya yafe maka, Allah ya yi maka albarka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Baffa, kai ne fa ka ce wa Inna da sauƙi."

Na ce wa Habu, in abin da na faɗa haka ne, ya rufe ido. Ya rufe. Amma hawaye ne cike da idanun, kuma mai kuka yakan rufe ido ko ba a ce masa ba. Na ga Lawal ya lura da wannan kamar yadda na lura.

Habu ya ƙara wata huɗu. Lawal ne yake juya shi, yake ba shi kunu da ƙaramin cokali. Ya cika wata safiya bayan an yi masa wanka, hankalinsa garau har ƙarshe.

Tun daga nan, duk inda na ji an ce hannun wani ya mutu ba zafi, ko harshensa ya yi nauyi ba dalili, nakan hau babur in je. Na je Sandamu, na je Babban Mutum, na je ƙauyukan da ban san sunansu ba sai da na isa. Ba duka ba ne ciwon Habu, kuma ni ba likitan mutane ba ne. Abu huɗu nake faɗa. Na ɗaya, a kai shi wurin likitan jijiya da wuri, addu'a ba ta hana asibiti, kuma ciwon ba a ɗaukarsa, kada a guje shi. Na biyu, ruwa tsararo yana ƙware su, a kaurara abin sha, ko rubutu ne kada a ɗura masa yana kwance. Na uku, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, a yi magana da shi. Waɗannan ukun ana karɓa, har a yi mini godiya.

Na huɗun ne yake sa a tashi daga tabarma: in likita ya tabbatar, a gaya masa. Wani dattijo a Sandamu ya ce mini, "Malam Isyaku, kai ka san ranar mutuwar wani?" Na ce ban sani ba, Alhaji, ban ce a faɗa masa rana ba. Na ce a faɗa masa harshensa zai tafi, ya yi amfani da shi tun yana hannunsa. Ya ce shi ba zai iya kallon ɗansa ya faɗa masa haka ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma kwana talatin da ɗaya na yi ban iya ba.

Lawal bai koma Nijar ba. Yana kara yanzu, yana koyon dillanci a wurin abokan ubansa, ya yi aure, al'amuransa suna tafiya. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo gaishe ni. Mu yi hirar kasuwa, ya sha ruwa, ya miƙe. Sai ya kai bakin zaure ya tsaya, hannunsa a kan babur, ya ce, "Baffa, da gaske abin da ya faɗa ke nan?"

In ce masa, "Shi ne, Lawal."

Ya ce, "To." Ya tayar da babur ya tafi. Juma'a mai zuwa ya sake tambaya.